Baƙuwar da ke kujerar baya

Macen da ta halarci babban taron ƙungiyar mata masu aikin sa-kai karo na farko takan iso da zumuɗi. Ta biya kuɗin rajista, ta ɗinka anko, an ba ta jaka da jadawalin taro da katin ratayawa a wuya, sannan ta nemi kujera can baya. A sahun gaba kuwa matan da suka shekara ashirin suna haɗuwa ne ke ta rungumar juna. Sa'o'i biyu na farko sukan ƙare a gabatar da manyan baƙi da jawaban fatan alheri. Kafin azahar, baƙuwar ta fara tambayar kanta abin da ya kawo ta.

Amsar da ta samu kafin a tashi ita ce za ta nuna ko ƙungiyar za ta rayu bayan waɗanda suka kafa ta. An kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a 1963. An kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a Minna a 1985, kuma Amirarta ta farko, Hajiya Aisha Lemu, ta rasu a 2019. Makarantu da ɗakunan shan magani da irin waɗannan ƙungiyoyi suka gina, da shiga gida-gida da suka yi don wayar da kai game da rigakafin shan-inna, duk sun tsaya ne a kan matan da ba a biyan su albashi. Waɗancan iyaye suna manyanta. Mai karɓar aikin daga hannunsu ita ce wadda ke zaune a baya, ba wanda ya tambaye ta sunanta.

Akwai masu cewa sabuwar shiga ta yi haƙuri ta koya tukuna, domin girmama na gaba tarbiyya ce. Gaskiya ne, kuma matan da suka yi shekaru suna tara gudummawa sun cancanci sahun gaba. Sai dai likita ko lauya ko akanta da ta nemi hutu daga aiki, ta bar yara wajen kakarsu, ba za ta maimaita tafiyar ba idan tafi kawai aka buƙata daga gare ta. Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe.

Tarihin ƙasar Hausa yana da misali. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin kuma ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa karatu, su koma da waƙoƙin ilimi su koyar da waɗanda ba su iya fita ba. Duk wadda ta zo, da aiki take komawa.

Abin da ake nema daga shugabanni ba ya cin kuɗi. A haɗa kowace baƙuwa da tsohuwar mamba tun daga teburin rajista, wadda za ta ce mata, “Zo nan, 'yata, ga wurinmu.” A ba ta aiki na gaske: rubuta bayanan zama, duba lissafin reshe, ko mayar da rahoto zuwa Hausa. A rage jawaban buɗewa, a ƙara lokacin da rassan jihohi ke bayyana abin da suka yi da inda suka kasa, domin a nan ake ganin ainihin ƙungiya.

Ita ma baƙuwar akwai nata. Ta zauna zaman rahoton rassa har ƙarshe, ta tambaya cikin ladabi inda kuɗin gudummawa ke tafiya, kada ta shiga mota sai ta san ranar zaman reshensu na gaba da aikin da za ta kai can.