WAYAR INTANET DA KUƊIN JAMA'A: KADA A TAMBAYE MU INDIJIN A MUDA LAWAL

A taronmu da ya gabata wani dattijo ya miƙe ya yi tambaya, wai me ya haɗa ƙungiyar da aka kafa domin kare haƙƙin baƙi mazauna Bauchi da maganar wayar intanet? Ya ce mu da muke fama da kuɗin makarantar yara da neman takardar indijin, ina ruwanmu da abin da za a binne a ƙasa. Tambayar Baba tana kan hanya, shi ya sa muka ga ya dace mu amsa ta a wannan shafi, domin waɗanda ba su samu halarta ba su ma su ji.

Duk wanda yake da rumfa ko tebur a Kasuwar Muda Lawal bai manta da watan Fabrairu na 2023 ba, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya canza fasalin Naira, tsohon kuɗi ya ɓace, sabo kuma bai wadata ba. Aka ce kowa ya koma taransifa. To, mai sayar da atamfa yana iya cewa a dawo gobe, amma mai kwandon tumatir da attaruhu ba shi da gobe. Mun ga ɗan'uwanmu da ya sauke kaya da asuba, mai saye ya tura kuɗi aka cire a asusunsa, shi kuwa alat bai shigo ba har La'asar, ga direban da ya kawo kayan yana tsaye yana jiran kuɗin mota. A ƙarshe kayan da rabin kuɗi aka rabu da su. Wani laifin na bankuna ne, babu shakka, amma mun sha ganin na'urar POS tana ta juyi babu sabis a tsakiyar kasuwa, alhali da ka fita bakin titi sai ta kama. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris na shekarar, tsohon kuɗi ya dawo, amma ciniki bai koma yadda yake ba. Yau dillalin doya daga Binuwai ko mai dankalin Turawa daga Filato, hoton kaya yake turowa ta waya, a yi ciniki a biya kafin mota ta taso. Ashe ke nan sabis ya zama kamar hanyar mota, in ta toshe kasuwa ta tsaya.

Ita wannan waya da ake kira fayiba, zare ne na gilashi siriri kamar gashin kai, wanda haske ke bi ta cikinsa ɗauke da saƙo. Manyanta ta ƙarƙashin teku suke zuwa, akasari su sauka a Legas, daga nan a binne su a gefen titi zuwa sauran jihohi. Dogayen ƙarafan sabis da muke gani a unguwanni, wanda aka haɗa da wannan waya ya fi ɗaukar jama'a nesa ba kusa ba, wanda ba a haɗa ba kuwa da zarar mutane sun yi yawa sai ya shaƙe. Saboda haka ko wanda ba shi da kwamfuta, ƙaramar waya kawai gare shi, maganar ta shafe shi.

Alƙawari dai mun sha shi. An yi tsarin ƙasa na farko daga 2013 zuwa 2018. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta raba lasisi ga kamfanoni shiyya-shiyya domin su shimfiɗa wayar, har aka yi ta maganar tallafin Naira biliyan 65, abin ya shiririce. A 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka ƙaddamar da tsari na biyu da burin kaiwa kashi 70 cikin ɗari zuwa 2025, shekarar ta ƙare ana wajen kashi 50. Sai a 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa kilomita 90,000 a kan kimanin Dala biliyan 2, domin a ƙara a kan kilomita 35,000 da aka ce ana da su, a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani. A 2025 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 500 domin wannan aiki. A nan gida ma an taɓa. Tun 2013 aka yi yarjejeniyar cewa jihohi su riƙa karɓar Naira 145 a kan kowace mita da kamfani ya haƙa a gefen titi, wato Naira 145,000 a kilomita, amma wasu jihohi suka ci gaba da karɓar dubbai a kan mita guda. A 2025 NCC ta ambaci Bauchi cikin jihohin da suka yafe wannan kuɗi baki ɗaya. Wannan abin a yaba ne, kuma mun yaba.

Mu a ƙungiyance muna goyon bayan a zuba kuɗin gwamnati a wannan aiki. Ɗan kasuwa riba yake bi, mu ma 'yan kasuwa ne mun sani. Kamfanin waya zai kai ta banki da sakatariya da Ji'ar'e da jami'a ko ba a roƙe shi ba, amma layin 'yan gwari da layin 'yan doya, inda ciniki yake ɗari biyar-biyar da dubu-dubu, ba zai shiga ba sai an sauƙaƙa masa. Wasu a cikinmu sun ce a fara da ruwa da bayan gida da motar kashe gobara, tunda kasuwar nan ta sha wuta. Gaskiya ne, kuma ba mu daina neman waɗannan ba. Sai dai kuɗin wayar nan an riga an ware su da sunanta, in muka yi shiru ba za a mayar da su fanfo ba, wata unguwa za a kai su.

Amma fa kuɗin gwamnati kuɗin wa? Rance ne da kowane ɗan Nijeriya zai biya, har 'ya'yanmu. Asusun USPF da aka kafa a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003 domin kai sabis inda kamfanoni ba sa zuwa, daga harajin da kamfanonin waya ke biyan NCC ake cika shi, su kuma daga katin da muke sakawa suke samu. A kan kowane kati muna biyan harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari, kuma da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 ba a ce ban da baƙi ba. Kuɗin da aka yafe wa kamfanoni na haƙar titi ma kuɗin baitulmalin jiha ne da muke zubawa a ciki. Mai karɓar kuɗin rumfa da na shara bai taɓa tambayar ɗayanmu daga wace ƙaramar hukuma kakansa ya fito ba. Ba a tambayar indijin ranar karɓa, sai ranar rabo.

Wannan shi ne tsoronmu, kuma ba haka kawai muke jin sa ba. Da yawanmu sun taɓa bin layi a wani ofishi domin tallafin 'yan kasuwa, sai da aka zo kansu aka nuna musu layi na ƙarshe a jikin fom, a haɗo da takardar ƙaramar hukuma. Mu da muka koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, a hankali muke karatu, amma mun koyi fara karanta fom daga ƙasa. Ita wayar kanta ba ta san ɗan gari ba, ba ta san baƙo ba. Inda za a raba mu shi ne abin da zai biyo bayanta, wato wa za a haɗa wa layi da rangwame, ɗan wa za a ɗauka horon gyara da haɗawa, wa za a ba rumfar POS ko ta sayar da data, wa zai zauna a kwamitin da zai ce layin kaza za a fara.

Tsarin mulkin 1999 bai bar mu a duhu ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a ko'ina, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda inda ya fito, sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar masa da cikakken haƙƙin mazauni a duk faɗin Tarayya. Su wa ma ake kira baƙin? Akwai 'yan Gombe a cikinmu da suka kwanta suna 'yan jiha, suka wayi gari ranar 1 ga Oktoba 1996 sun zama baƙi ba tare da sun matsa daga rumfarsu ba. Akwai waɗanda rikicin Jos na 2001 da na 2008 ya koro, can an ce ba 'yan ƙasa ba ne, nan ma an ce haka, 'ya'yansu kuwa ba su san wani gari ba sai Bauchi. Akwai Kanawa da Katsinawa da Yarbawa da Inyamurai da suka haura shekara talatin a nan. Ita kasuwar ma ai sunan ɗan Abeokuta take amsawa, marigayi Mudashiru Lawal, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980.

Tun ran gini ran zane. Muna kira ga Gwamnatin Jiha da 'yan majalisarmu, tunda mu ma a nan muke jefa ƙuri'a, da su sa Muda Lawal da Wunti da Babbar Kasuwa cikin wuraren da za a fara kaiwa, kuma a maƙala taswirar aikin a ofishin kasuwa da Hausa kowa ya gani. Duk titin da za a buɗe a kewayen kasuwa a binne bututun wayar tun lokacin, kada a gama kwalta a dawo a farfasa ta, ko katafila ta zo ta tsinke abin da aka ci bashi aka saka. Abin da ya fi damun mu kuwa, a rubuta a takarda tun yanzu cewa shaidar cin gajiyar wannan aiki ita ce rasit na rumfa da lambar NIN, ba takardar asali ba.

A nan kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawa cikin 'ya'yan ƙungiya haya suke a rumfar da ke ɗauke da sunan wani, su suke biya amma rasit da sunan mai rumfa yake fita, wasu ma da sun karɓa sai su naɗe goro da shi. In aka amince da abin da muke nema gobe, da me za su fito? Saboda haka shugabanni sun amince a buɗe rajista. Kowa ya zo taro mai zuwa da rasit ɗinsa na shekara uku da suka wuce, in da hali, tare da lambar rumfa da sunan layi. Wanda yake haya ya nemi mai rumfa ya rubuta masa 'yar takardar shaida a gaban shugaban layi. Iyayenmu mata masu talla da 'yan dako da ba su da rumfa su ma su zo a rubuta su, domin za mu haɗa sunayensu a cikin wasiƙar da za mu kai wa shugabannin kasuwa.

Daga Sakataren Ƙungiya, a madadin shugabanni.