Irin Barkono Mai Jure Cuta Ya Fi Feshi

Duk manomin da ya taɓa yin lambun barkono a fadamun Kano ko Zariya ya san ranar da ganye zai fara nannaɗewa, ya yi dabbare-dabbare, shuka ta tsumbure, 'ya'ya su fito ƙanana a karkace. Nan da nan sai ya ci bashi ya sayo maganin feshi, alhali kuwa sau da yawa kuɗin nan asara ne.

Dalili shi ne, yawancin wannan ciwo ƙwayar cuta ce da ake kira bairas, wadda in ta shiga jikin shuka babu maganin da zai fitar da ita. Ɗaya daga cikin masu tsanani a Afirka ta Yamma an fara gano ta ne a ƙasar Gana a 1971. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye su ke yaɗa ta, kuma cikin 'yan daƙiƙu suke sa wa shuka, tun kafin guba ta kashe su.

Saboda haka mafita tana ga iri. Masana sukan nemo barkonon da cutar ba ta kamawa, ko da 'ya'yansa ba su da kyan gani, su haɗa shi barbara da na gida, su yi ta maimaitawa shekara da shekaru har juriyar ta zauna. Nan ne wuyar aikin take. Barkonon da ya jure cuta amma ya rasa yaji, ko ya ƙi bushewa da jansa a rana, ko attaruhun da ya rasa ƙamshi, matan da ke cefane ba za su saya ba, manomi kuwa ba zai sake shukawa ba. Bugu da ƙari, cutar takan sauya kama ta karya juriyar da aka sha wahalar samarwa, sai a koma neman wata.

Ƙasar nan ba ta rasa ma'aikata ba. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akwai kuma ta kayan lambu da aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda. Amma aikin iri ba ya jure a ba da kuɗi bana a hana baɗi, domin shuka ɗaya in ta tsallake, wahalar shekaru na iya salwanta. Ya kamata Gwamnati ta ware masa kuɗi na dindindin, malaman gona kuma su kai wa manoma irin tun kafin lokacin yafa shi a kwami.