Jarrabawar Baki Da Ba A Buɗe Baki

Duk shekara, tsakanin watan Mayu da Yuni, hukumar WAEC tana tara 'ya'yanmu kusan miliyan biyu a ɗakunan jarrabawa, ta miƙa musu wata takarda da ta ce ta gwajin furucin Turanci ce. Tambayoyi 60, minti 45, maki 30. A tsawon minti 45 ɗin nan ba wanda zai ce uffan. Yaron da ya kuskura ya motsa leɓe don ya ji yadda kalma take fita daga bakinsa, mai sa ido zai daka masa tsawa, in ba a yi sa'a ba ma a zarge shi da satar amsa. Abin da ake so da shi kawai ya ɗauki fensir ya baƙanta A ko B ko C ko D. Daga nan a kai takardar gaban na'ura, ta yanke hukunci ko ya iya furta Turanci ko bai iya ba. Na'urar ba ta ji muryarsa ba. Wanda ya tsara tambayar bai ji ba. Wanda ya sa hannu a takardar sakamako shi ma bai ji ba.

Wannan yaudara ce, kuma shirun da iyaye da malamai da ma'aikatun ilimi suka yi a kanta ya ishe ni.

Ga abin da ke cikin takardar, don wanda bai taɓa gani ba. A kawo kalma a ja layi a ƙarƙashin wasu haruffanta, a ce yaro ya nemo mai sauti irin wannan a cikin kalmomi huɗu. A kawo kalma mai gaɓa huɗu, a ce ya nuna gaɓar da Bature yake dannawa. A kawo jumla an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, a ce ya zaɓi tambayar da ta dace da ita. A ƙarshe a jero masa alamomin ilimin furuci, waɗansu kamar harafin da aka kifar, waɗanda ba zai sake cin karo da su ba har ya mutu in ba malamin harshe zai zama ba. NECO, wadda aka kafa a 1999 aka ajiye hedikwatarta a Minna, ta bi sahun nan sawu da ƙafa. JAMB ma ta cusa irin tambayoyin a cikin takardarta ta Turanci. Yaro mai wayo ya gane dawar garin tun yana aji huɗu na sakandare: ya sayi littafin tsofaffin tambayoyi, ya haddace cewa kalma kaza da kalma kaza sautinsu ɗaya, ya shiga ya cinye makinsa. Ka tare shi a bakin ƙofa ka ce ya faɗi kalmomin, sai ka ji abin da babu mai gane shi. Wani kuma da ya tashi yana sauraron rediyo, yake magana ana fahimtarsa sarai, sai alamomin su ruɗa shi ya faɗi.

Mu ne fa mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake gwada furuci. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa. Yaro ya hau mumbari, alƙalai su kasa kunne, ya karanta, in harafi bai fito daga mafitarsa ba a danna ƙararrawa. Ko a makarantar allo ta ƙauyen da babu lantarki, malam ba ya wanke wa almajiri allo sai ya biya da bakinsa an ji. Da wani zai zo ya ce daga yau za a gwada tajwidi da takardar canki-canka, ba karatu ba sauraro, da garin nan bai kwana lafiya ba. Amma an yi mana haka da Turanci shekara da shekaru, mun karɓa hannu biyu, har muna biyan kuɗin rajista.

Kada wani ya ce mini ba yadda za a yi. WAEC ɗin nan dai, wadda aka kafa a 1952, ita ce take shirya jarrabawar a Ghana da Gambiya da Saliyo, kuma a can ana kunna wa ɗalibai murya su saurara kafin su amsa. Bai kai a ce yaro ya yi magana ba, amma aƙalla kunne ya yi aiki. Najeriya da Laberiya ne aka bar su da takarda zalla. A nan gida ma, ɗalibin da ya ɗauki Faransanci yana zama gaban mai jarrabawa ya karanta, a yi masa tambaya ya amsa da baki. Ɗalibin kimiyya ana ba shi kwalba da sinadari ya haɗa da hannunsa. To don me Turanci, darasin da in babu kiredit a cikinsa ƙofar jami'a ta rufe, shi ne za a gwada a makance? Amsar da ake bayarwa ita ce yawan ɗalibai. Yawan ɗalibai bai taɓa hana karɓar kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya ba.

Matsalar Bahaushe da furucin Turanci sananniya ce, ba kuma abin kunya ba ce. Wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye irin su ai da au. Turancin Ingila yana da wasula kusan 20. Sautin da ake fara kalmar "think" da shi babu shi a Hausa, don haka muke mayar da shi s. Muna gauraya p da f, muna mayar da v ta koma b. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka, Turanci kuwa danna gaɓa ake yi a sassauta sauran. Duk waɗannan da kunne da harshe ake gyara su, malam ya faɗa, yaro ya maimaita, a sake, a sake. Baturen da ya zo koyon Hausa ma ba zai taɓa iya ƙ da ɓ da ɗ da ts daga allo ba, sai ya ji daga bakin mai harshen. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, Kwalejin Katsina ce ta horar da shi tsakanin 1928 da 1933, makarantar da ta yi suna wajen sa ɗalibai su yi magana a gyara musu. Da wannan bakin ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960. Yau jikokinsa a Bauchi ana koya musu furuci da alli a kan allo, a aji mai mutum ɗari, daga bakin malamin da shi ma da alli aka koya masa.

Sannan furucin wa ake aunawa? Ma'aunin da ake bi shi ne lafazin masu ilimin kudancin Ingila, wanda Daniel Jones ya tattara a ƙamusunsa na 1917. A Ingilar kanta 'yan ƙalilan ne suke magana haka. Shugaban makarantar yaron ba ya magana haka, gwamnansa ba ya yi, alƙalin kotun ƙoli ba ya yi. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da Kannywood da okada. Masu harshen sun yarda akwai Turancin da yake namu, mu kuma muna kayar da ɗan Gumel saboda bai san inda mutumin Landan yake danna murya a wata kalma ba. Abin da yaro yake bukata shi ne ya yi magana mutumin Inugu da na Accra da na Landan su fahimce shi ba tare da sun ce ya maimaita ba. Wannan kuwa ba a gane shi sai an saurara.

Wa ke cin ribar wannan tsari? Ɗan mai hali da ke makarantar kuɗi a Abuja ko unguwar Nasarawa a Kano, wanda ya tashi da talabijin da intanet, sautukan suna cikin kunnensa tun yana rarrafe, kuma an ɗaukar masa malamin da zai haddatar da shi alamomin. Ɗan talaka a makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo ba shi da ko ɗaya. Sai ya rufe ido ya canka, ko ya jira a shigo da amsa daga waje. Takardar canki-canka ita ce ta fi kowace sauƙin sata, domin harafi 60 ne kawai za a rubuta a allo ko a tura ta waya. Ba wanda zai iya ara wa yaro bakinsa ya yi magana a madadinsa, amma kowa zai iya raɗa masa C.

Gwajin kalmomi, da ke wata takardar ta Turanci, shi ma bai tsira ba. Tambayoyi 80 ne a awa ɗaya, rabi na kalmomi rabi na nahawu, kuma manhajar ta lissafa fannoni har da kasuwar hannun jari da tallace-tallace. Kalma ba a mallakarta sai an haɗu da ita sau da yawa a cikin karatu. Yaron da makarantarsa ba ta da ɗakin karatu, ko tana da shi an mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru, daga ina zai haɗu da ita? Sai a ba shi jerin kalma da kishiyarta ya haddace, ya zubar ranar jarrabawa, ya manta kafin ya isa gida.

Babban abin da ya fi ƙona mini rai shi ne karatu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai suke iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Sauran ba a tsayar da su ba. Ana ciyar da su gaba aji bayan aji, har su iso ajin ƙarshe na sakandare, a ce su rubuta insha'i mai kalmomi 450, su karanta dogon rubutu su taƙaita. A duk shekaru 12 ɗin nan babu wata jarrabawar hukuma da ta tilasta wa wani babba ya zaunar da yaron nan ya ce, "Karanta mini wannan shafin in ji." Minti biyu sun isa a gane wanda ya iya karatu da wanda yake tauna haruffa. Ba a yi, saboda in an yi asiri zai tonu, kuma asirin na manya ne. JAMB tana sa littafin labari duk shekara, a 2025 ta sa The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba, amma ɗalibai da yawa taƙaitawar da ake sayarwa a bakin titi suke saya, tunda sun san tambayar suna da wuri za a yi musu.

Ko a makancen ma ba a iya riƙe ma'aunin daidai ba. Ranar 28 ga Mayun 2025 aka jinkirta takardar Turanci har dare, yara a jihohi da dama suka rubuta da fitilar waya da tocila. Da sakamako ya fito a watan Agusta, aka ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta fito ta ba da haƙuri, ta ce an yi amfani da jerin amsoshin da ba daidai ba wajen duba takardar canki-canka ta Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. Ku lissafa yawan yaran da suka kwana suna kuka, da waɗanda iyaye suka yi wa gori, a kan laifin da ba nasu ba.

Da irin waɗannan alƙaluman ne kuma aka yanke wa harsunanmu hukunci. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin 2022 na koyarwa da harshen uwa a firamare, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Yaron da ya rubuta WAEC a 2025 ya bar firamare tun wajen 2019, shekara uku kafin ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya sanar da tsarin. Ta yaya tsarin da bai same shi a aji ba zai kayar da shi? Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato a kan wannan tunanin aka gina shi: yaro ya fara iya karatu da Hausa, sannan ya haye zuwa Turanci. Hausa ba ta hana kowa jin Turanci ba. Rashin malami ne, da rashin littafi, da jarrabawar da ta koya wa malamai cewa magana da karatu a fili ɓata lokaci ne tunda ba sa kawo maki.

Wannan na ƙarshe shi ne ɓarnar da ta fi girma. Malami abin da za a tambaya yake koyarwa. Ranar da aka ce kowane ɗalibi zai zauna gaban malamin wata makaranta ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, ya amsa tambayoyi uku da baki, a naɗi muryarsa a waya don mai duba na biyu ya tabbatar, daga ranar ajin Turanci zai cika da murya. Tun 2024 WAEC ta fara jarrabawa ta kwamfuta ga masu rubutawa daga waje. Kwamfutar da za ta nuna tambaya za ta iya kunna sauti, za ta iya ɗaukar murya. Jihohin Arewa kuma ba sai sun jira WAEC ba: jarrabawar tantancewa da suke yi kafin su biya wa ɗalibai kuɗin rajista a hannunsu take, su sa karatu a fili a cikinta tun yanzu, su kuma sa shi a ƙarshen aji uku na firamare, inda gyara yake da sauƙi.

In kuwa WAEC da NECO sun ce ba za su iya sauraron 'ya'yanmu ba, to su cire wannan takarda gaba ɗaya, su mayar da maki 30 ɗin kan karatu da fahimta, su daina rubuta wa iyaye cewa sun gwada bakin yaron da ba su taɓa jin muryarsa ba.