Gargaɗi Ga Masu Cewa Rumfa Ita Ce Raya Gari

Ya ku malamai da almajirai, ku sani duk sa'ad da anka tada zancen raya Wurno da Rabah da Goronyo, abin da 'yan majalisar ƙaramar hukuma kan fara ambata shi ne rumfunan kasuwa da tashar mota. Ni kuwa na ce sun ɓata, domin sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ku dubi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, ganuwa ya fara yi, kana ya zaunar da manoma da masu sana'a. Aminci ya gabata, kasuwa ta biyo.

Mu fa? An gama dam ɗin Goronyo a 1984, ruwa na nan kwance. A 2010 ya ɓalle ya cinye gonaki da gidaje. A Oktoba 2021 'yan bindiga sunka faɗa kasuwar Goronyo, sunka kashe mutum fiye da 40. Wa za ya kai albasa da shinkafa rumfar da ba ya da tabbacin komowa daga gare ta?

A 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu hannu da hannu. To, hujja ta hau kansu. Su tsare hanya, su yashe magudanan fadama, kana su karɓi haraji. Wanda ya ci kuɗin talaka bai tsare shi ba, ya ci amana. Ku faɗa masu haka. Wassalam.