Lafiya Uwar Jiki: Idan Zuciya Ta Saɓa Bugunta

Jama'a, zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda in yana hutawa, bugu mai tsari. To, akwai ciwon da kan sa ɗakunan zuciya biyu na sama su riƙa karkarwa maimakon su tura jini sosai. Sai mutum ya riƙa jin faɗuwar gaba, da haki, da jiri. Hawan jini da lalacewar ƙofofin zuciya suna cikin manyan abubuwan da ke jawo shi.

Babban haɗarinsa shi ne jini ya daskare cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Mai wannan ciwo ya fi waninsa fuskantar shanyewar ɓarin jiki wajen ninki 5. Dalilin ke nan likita kan ba da maganin tsinka jini irin su warfarin.

Saboda haka, ɗan'uwa mazaunin Kado da likita ya shaida maka kana da shi, kada ka ajiye magani don ka ji sauƙi. Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 1999, ba shi da nisa. Riƙa zuwa awon jini. Kada ka haɗa warfarin da asfirin ko jiƙe-jiƙe ba da sanin likita ba. Zogale da alayyahu kuwa, ci gwargwadon yadda ka saba, don yawansu kan rage ƙarfin maganin. In uwargida ta sayo kifi a kasuwar Kado, ta sassauta gishiri, kada ya kai giram 5 a yini.

In baki ya karkace, ko hannu ya saki, kada a ce iska ce. A garzaya asibiti nan take. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.