Daren Da Ɗan Kokawar Meziko Ya Hana Mu Barci

A wannan wata mun ajiye maganar tsadar kaya a gefe, domin ran Asabar ɗin da ta wuce mun ga abin da ya sa mu dariya har da hawaye, muka ce rowa ce mu ci mu kaɗai.

Bayan sallar isha'i ne yara suka taru a tsakar gida suka kunna wani fim mai suna Nacho Libre, wanda ya fito a 2006. Mu wucewa muka zo yi, har mun buɗe baki za mu kora su su je su kwanta, sai muka hango wani ƙato mai tumbi ya matse cikin wando shuɗi, ya rufe fuska ruf, yana ta shan kaye a dandalin kokawa. Autar gidan ta jawo kujera ta ce, "Baba, zauna mana, yanzu aka fara." Ba mu tashi ba sai da aka gama.

Ƙaton nan shi ne Jack Black, ɗan wasan barkwanci na Amurka, wanda ya fito a matsayin Ignacio, kuku a wani gidan marayu na 'yan Katolika a jihar Oaxaca, kudancin Meziko, inda aka ɗauki fim ɗin. Gidan ba shi da ko sisi, kullum sai ya dama wa yara wani abu mai kama da kunun kanwa da ya kwana. Da abin ya ishe shi, sai ya shiga kokawa a ɓoye, shi da wani siriri da ake wa laƙabi da Esqueleto, wato ƙwarangwal. Kusan duk karon da suka shiga sai an lallasa su, amma da yake 'yan kallo na son su, a kan miƙa musu ɗan abin da ya samu. Daga baya kuɗi suka fara ruɗin Ignacio, ya koma sayen suturar ƙawa yana manta yaran. Asirinsa ya tonu ranar da wutar kyandir ta kama rigarsa a coci, kayan kokawa suka bayyana. A ƙarshe dai ya kayar da zakara Ramses, ya sayi bas, ya kwashi marayu zuwa tsohon birnin Monte Albán yawon buɗe ido.

Jama'a, abin da ya riƙe mu a kujerar nan shi ne yarinta da ta dawo mana ɗanya. Mun tuna daren farin wata bayan girbi, yadda mukan share fili a ƙofar gida, mu tuɓe riga, a zagaye mu ana kiɗa gwangwani, wanda ya sha ƙasa ya tashi yana rantsuwa cewa santsi ne ya ja shi. Mun tuna tashe a watan azumi, mu ɗaura tsumma a ciki ya zama tumbi, mu manna auduga ta zama gemu, muna bin gidaje ana ba mu hatsi da kwabbai. Mun tuna majigin da mukan haɗa da kwali da fitilar ƙwai, kuɗin shiga ƙwayar gyaɗa biyar. Da muka ga Esqueleto riƙe da masara a tsinke, wallahi sai da muka ji ƙamshin gasasshiyar masarar damina a hanci. Ashe ma masarar nan a Meziko aka fara nomanta tun shekaru kusan 9,000 da suka wuce, ko da yake sunan da muka ba ta Masar yake nunawa. Su can sukan shafa mata cuku da barkono su matsa lemun tsami.

Kokawar tasu sunanta lucha libre, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar. A 1933 Salvador Lutteroth ya kafa kamfanin da ya ba ta gindin zama a birnin Meziko. Abin rufe fuska shi ne mutuncin ɗan kokawa: akwai karon da ake sa shi a caca, wanda aka kayar ya cire a gaban jama'a, a bayyana sunansa na yanka. Babban gwarzonsu El Santo, da ya rasu a 1984, da abin rufe fuskarsa mai ruwan azurfa aka binne shi. Wanda ya san yadda Nijar ke tsayawa cak lokacin kokawar neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba zai yi mamakin wannan ba.

To amma ga inda dariya ta tsaya mana. Labarin nan yana da tushe na gaskiya. Akwai wani fada ɗan Meziko, Sergio Gutiérrez Benítez, wanda ya yi shekara 23 yana kokawa da sunan Fray Tormenta, fuskarsa rufe da ja da rawaya, don ya ciyar da marayun da ya tara a Texcoco. Mutum ne da ake girmamawa, ya yarda a ɗaga shi a maka da ƙasa don yara su ci su yi karatu.

Washegari wani maƙwabcinmu ya tare mu ya ce, "Haba Malam, da girmanka kana kallon shirme da yara?" Muka ce, "Alhaji, shirmen da ya tuna mana da maraya ai ya biya kuɗin wutarsa." Mun yarda akwai wautar da ta yi yawa a ciki, kuma Ba'amurke ne ke kwaikwayon mutanen Meziko, don haka kada a ɗauka haka ƙasar take gaba ɗaya. Amma mu duba zangonmu. Marayu nawa ne a layinmu da ba mu san me suka karya da shi yau ba? Sau nawa muka ƙi ɗaukar faranti mu bi gida-gida neman taimakonsu don kada girmanmu ya zube, alhali a biki muna liƙi har aljihu ya ƙone? Ba a ce kowa ya shiga dandali a karya masa ƙugu ba. Kwanon tuwo guda, ko kuɗin makarantar yaro ɗaya, ai ba zai talauta kowa ba.

Autar tamu dai ta kwana tana tambaya ko za mu ɗinka mata abin rufe fuska. Mun ce sai bayan jarrabawa. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.