Rigar Ruwan Yara: Uwargida, Kada Araha Ta Ruɗe Ki

 Yau filin namu zai taɓo wata magana da wasu za su ɗauka ƙarama ce, wato rigar ruwan da za a saya wa yaro don zuwa makaranta da damina. To, wadda ta taɓa tsayawa a zaure da sassafe, hadari ya haɗo ta gabas, ga yara uku sun yi shiri, ga jarrabawa ranar, ita ta san maganar ba ƙarama ba ce.

Ki duba yadda shekarar karatu take. Zango na uku, wanda a cikinsa ake jarrabawar ƙarin aji, yana faɗawa ne daidai lokacin da ruwa ke sauka. Manyan jarrabawa na WAEC da NECO su ma tsakanin Mayu da Yuli ake yinsu. A watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa, 'yan boko suna hutu, amma Islamiyya da makarantar allo sau da yawa ba su tsayawa. Sa'an nan a koma sabuwar shekara cikin Satumba, ruwa bai ɗauke ba. Ashe ke nan yaro yana haɗuwa da damina a ƙarshen shekarar karatu, ya sake haɗuwa da ita a farkon wata.

Daminar kuwa ta 'yan shekarun nan ta zo mana da abubuwan da ba za a manta ba. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, jihar Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, har makarantu suka zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. A wannan shekarar dai gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda ambaliya. A ƙarshen Mayun 2025 kuma, damina ko zama ba ta yi ba, ruwa ya ci fiye da mutum 150 a Mokwa ta jihar Neja.

A daidai wannan lokaci ne kuma kuɗin cefane ya ƙi auki. An janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, bayan 'yan makonni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 sai ga ta ta haura 1,500 a 2024. Me ya haɗa wannan da rigar ruwan ɗanki? Ai kusan duk wadda za ki gani rataye a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ko babbar kasuwar Kaduna daga waje aka kawo ta, galibi daga ƙasar Sin, kuma da dala aka biya. Masaƙun da muke alfahari da su a Kaduna, waɗanda da suna nan da an sa rai wata rana su yi mana irin wannan yadi, yawancinsu sun daɗe da rufewa. Gwanjo ma bai tsira ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da dila ke bi ita ce ta taso daga Kwatano, ta ratsa Nijar, ta faɗo ta Maraɗi, to da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 hanyar ta sami tangarɗa.

Saboda haka ne za ki ga kasuwa ta cika da wata irin rigar ruwa ta leda shara-shara, wadda ake naɗewa kamar hankici a cikin 'yar jaka. Kuɗinta kaɗan ne, launinta mai kyau, yaro na ganinta zai ce ita yake so. Ni dai shawarata ita ce ki wuce ta. A ƙasashen da ake yinta, don sawa ɗaya ko biyu aka yi ta, ga masu kallon ƙwallo ko 'yan yawon buɗe ido da ruwa ya rutsa da su. Yaron da zai ratsa lungu, ya goga jikin katanga, ya yi kokawa da abokinsa a hanya, ba za ta yi masa mako biyu ba. Za ta yage a hammata, ki sake sayen wata, kafin kaka ki tarar kin biya kuɗin mai kyau ɗaya kuma hannunki babu komai. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma wani abin da ba mu cika lura da shi ba. Yagaggiyar rigar nan ina take zuwa? Kwata. Can za ta tarar da ledar fiya wata da baƙar ledar cefane, su toshe magudana, ruwan da ya kamata ya wuce ya dawo kan titin da ɗanki zai bi gobe. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, jihar Legas ta fara da hana robar zuba abinci mai kama da soso a 2024. Mu a nan har yanzu ledar tana hannunmu, kuma mafi yawan wadda ke cikin kwatar unguwa daga gidajenmu ta fito, mu mata.

To, wace za a saya?

Iri biyu ne masu amfani. Akwai ta roba mai kauri, wadda ake haɗa gaɓoɓinta da zafin wuta maimakon zare. Wannan ruwa ba ya ratsa ta ko kaɗan, amma tana da nauyi, tana da zafi, yaro ya isa aji sharkaf da gumi kamar ruwan ne ya dake shi. In ta kwana biyu kuma takan bushe ta tsage a wurin naɗi. Akwai ta yadin nailan wadda aka shafe cikinta da wani siririn rufi mai hana ruwa shiga. Ita ta fi sauƙi a jiki, ta fi shiga jakar makaranta, kuma ta fi jure wahala, sai dai ta fi tsada. In tafiyar yaron gajeriya ce, ta roba ta isa. In kuwa yana cin rabin sa'a ko fiye a ƙafa, ki daure ki nemi ta yadi.

Ko wacce kika ɗauka, ki juya cikinta waje tun a gaban mai kaya. Rigar ruwa ba ta tsakiyar yadi take fara yoyo ba, ta bakin ɗinki take yi, domin duk inda allura ta bi ta bar huda. Mai kyau za ki ga an bi kan ɗinkin ta ciki an manna wani siririn ƙyalle kamar filasta, musamman a kafaɗa da inda hula ta haɗu da wuya. In babu wannan, ruwa zai shiga ta kafaɗa ya gangaro bayan yaro. Ki duba zif, ya zama akwai leɓen yadi da ya rufe shi. Ki ɗaga rigar sama ki kalli haske ta cikinta, ƙananan huda za su nuna kansu. In mai kaya ya yarda, ki lanƙwasa bayan rigar kamar ƙoƙo ki zuba ruwa kaɗan, ki shafa ƙasan da hannu. Wanda ya san kayansa na da kyau ba zai hana ki ba. Wadda kuma kika buɗe ta bugo ki da wari mai hawa kai kamar na fenti, ki ajiye masa abarsa.

Kada ki ji kunyar gwanjo. A Ƙofar Wambai ta Kano ko Kasuwar Barci ta Kaduna akan dace da rigar da aka ɗinka wa yaran ƙasashen da ruwa ba ya ɗauke musu, wadda ta fi sabuwar kanti nesa ba kusa ba. Amma sai an yi hattara da abu biyu. Na farko, rufin nan na ciki yana tsufa. In kika shafa kika ji yana danƙo, ko yana zubowa kamar dusa, rigar ta mutu ko da wajenta na ƙyalli. Na biyu, da yawa daga abin da ake miƙo miki da sunan rigar ruwa rigar sanyi ce, mai soso ko auduga a ciki. Wannan shan ruwa take yi, ta yi nauyi, ta kwana uku ba ta bushe ba. Ki ajiye ta sai hunturu.

Yanzu ga maganar da nake so ki fi riƙewa, domin ta shafi rai. Yawancin rigunan nan suna zuwa da igiya a bakin hula, wadda ake ja a tsuke fuska. A Amurka an sami yara da irin wannan igiya ta maƙale a abin wasa ko ƙofar mota ta shaƙe su, har hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta can ta yi gargaɗi a 1996, ta mai da shi doka a 2011. A ƙasashen Turai ma ƙa'idarsu ta hana sa igiya a hula ko wuyan tufafin ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara bakwai. Mu kayan da ke shigo mana ba mai tace su ta wannan fuska. In kin sayo mai igiya, ki zare ta, ki sa tela ya zura roba mai talewa a wurin, ko ya sa maɓalli. Aikin minti biyar ne.

Haka nan tsawo. Mun saba sayen kayan yara da girma don su daɗe, kuma a nan ma daidai ne a ƙara kaɗan, yadda za ta rufe jakar littattafai a baya, ta kuma kai baɗi. Amma ta tsaya ƙasa da gwiwa kaɗan, kada ta kai idon sawu. Kowa a cikinmu ya ji labarin hijabi ko zane da ya naɗe a ƙafar babur. Doguwar rigar ruwa mai buɗaɗɗen gindi haka take yi in an goya yaro a acaɓa. Launi kuma ki zaɓi mai haske, ruwan ɗorawa ko ja ko ruwan lemo, in da hali mai ɗan layin nan da ke ƙyalli in fitila ta haska shi. Direban a-daidaita-sahu da ruwa ya rufe wa gilashi ba zai ga yaro cikin baƙar riga ba sai ya zo kansa.

Iyayenmu da kakanninmu suna da kabido na kaba da malfa, makiyaya har yau suna amfani da irinsu. Mu kuma da muna yara mukan cusa kusurwar buhu cikin ɗaya kusurwar mu kifa a ka. In babu halin saye bana, buhun nan ya fi babu, ya kuma fi abin da nake gani yanzu, wato a ɗauki babbar leda a zura wa ƙaramin yaro tun daga kai. Leda tana manne wa hanci da baki in yaro ya ja numfashi. Don Allah a daina.

Wani abu kuma da na lura da shi a gidaje da yawa, in kuɗin riga ɗaya ne ake da shi, namiji ake saya wa, a ce ita macen ai tana da hijabi. Hijabi ba ya tare ruwa. Jiƙewa yake yi ya manne a jiki, yarinya ta wuni a aji tana rawar ɗari, tana jin kunyar miƙewa in malam ya kira ta. Gobe in hadari ya taso ita da kanta za ta ce ba ta zuwa, kuma ba mai matsa mata. Da haka ake tara fashi har jarrabawa ta zo. In riga ɗaya ce, a ba wanda tafiyarsa ta fi nisa, mace ko namiji. In za a saya wa mace, a je da ita da hijabinta a gwada, domin hular ta hau kansa ba tare da ta toshe mata kunne ko ta kare mata ganin gefe ba. Ku kuma 'yammata, littafi ya fi jiki tsoron ruwa. Ku sa littattafanku cikin leda mai kauri guda ɗaya kafin su shiga jaka, ku riƙa amfani da ita har damina ta wuce, kada ku yar.

Kada kuma rigar ta sa ki sakankance. Ruwan sama take tarewa, ba ta da abin da za ta yi da ruwan ƙasa. Masana yanayi na Amurka sun daɗe suna gargaɗi cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce inci 6 ba yana iya kayar da babban mutum, balle ɗan aji biyu. Yawancin kwatocinmu a buɗe suke, in ruwa ya shafe titi ba a gane inda hanya ta ƙare, inda rami ya fara. Yaron da ke cikin sabuwar riga da takalmin roba ji yake babu abin da zai same shi, shi ne mai shiga tsakiyar ruwa don gwaji. Ki gaya masa da babbar murya: in ruwa ya rufe hanya a koma, in ana tsawa ba a fakewa gindin itace, ba a taɓa turken lantarki ko wayar da ta faɗo. Ranar da aka kwana ana ruwa kuma hanyarsu ta bi ta gada ko kwari, ki riƙe shi a gida har ruwan ya janye, ki aika wa malami. Ku iyaye mata da ke zuwa taron iyaye da malamai, ku roƙi hedimasta ya yarda kada a doki yaron da ya makara ranar ruwa, kada kuma a saki yara daga aji ana tsakiyar zubawa. Tsoron bulala na sa yaro ya faɗa ruwan da babba ba zai shiga ba.

Sau da yawa kuma mukan ce ruwa ya doki yaro shi ya sa masa zazzaɓi. Zazzaɓin damina galibi na cizon sauro ne, rigar ruwa ba ta hana shi. Gidan sauro ke hanawa, da maganin rigakafin nan da ma'aikatan lafiya ke bi gida gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, wata wata, cikin damina. In sun ƙwanƙwasa ki buɗe musu.

Maganar kuɗi kuwa, ki tuntuɓi maigida tun kafin ruwan farko, lokacin da masu kaya ba su ga idon masu saye ba. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, ana kuma karanta shi a rediyo da Hausa, sai ki san lokacin da ake sa ran saukar ruwa a jiharku. In kuna adashi, ki nemi kwasarki ta faɗo wajen Afrilu. In an sayo, ki rubuta sunan gidanku a cikin wuyan rigar da alƙalamin da ba ya gogewa, domin a aji ɗaya sai a sami iri ɗaya guda biyar. Ba a dirza ta da omo, ba a yi mata guga, ba a shanya ta a tsakiyar rana. A goge taɓo da jiƙaƙƙen tsumma, a rataye ta a inuwa. In ruwa ya ɗauke cikin Oktoba, ki tabbata ta bushe sarai ciki da waje kafin ki ajiye, kuma ki rataye ta a ƙusa maimakon ki danne ta a ƙasan akwati, don ƙanensa ya same ta baɗi.